Malamar da Ta Rage Min Kwas Huɗu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa makomarmu take. A ranar Laraba, 7 ga watan Maris na shekarar 2018, jim kaɗan bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Barakatu Muntari Rurum a asibitin da nake aiki a garin Rano, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Washegari da hantsi aka yi mata sutura a Rurum Sabon Gari, garin da aka haife ta. Ta yi sama da shekara ashirin tana koyar da aikin jinya da na ungozoma a makarantarmu da ke birnin Kano, kafin ta yi ritaya ta dawo gida. Ni sunana Kulu, matar Ƙasimu, daga wani ƙauye a mazaɓar Durba cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Ina cikin ɗaliban da suka bi ta hannunta, kuma fararen kayan aikin da nake sawa yau, bayan ikon Allah, ita ce sanadinsu.

Malama, a wurin zaman makoki na ji ana ta faɗin abin da kika ba mutane. Wannan kin taimake shi, waccan kin share mata hawaye. Duk gaskiya ne, ban ji ƙarya ko ɗaya ba. Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da kika hana ni. Da kin ba ni abin da na roƙa a ranar da na roƙe shi, da yanzu ina zaune a gida ina ba yara labarin cewa na taɓa shiga makarantar jinya ban gama ba.

Ga wanda bai san tsarin makarantar ba, a farkon kowane zango ɗalibi yakan zaɓi kwasa-kwasan da zai ɗauka, sannan ya kai wa malamin da ke kula da ajinsu ya sa hannu. Akwai kuma doka mai tsanani: duk wanda makinsa ya faɗi ƙasa da mizani zango biyu a jere, an sallame shi ke nan, ba roƙo ba magiya. Yawancin malamai ba sa ɓata lokaci a kan sa hannun nan. Ka miƙa, su sa, ka wuce. Ke kuwa sai layi ya taru a ƙofar ofishinki har bakin baranda, domin ba kya sa hannu sai kin ji yadda mutum yake kwana yake tashi. Wa ke girki a gidanku? Daga ina kike tasowa da safe, mota nawa kike hawa? Akwai mara lafiya a gida? Kai ne ke noma gonar gidanku ko akwai wani? Mukan fito muna gunaguni cewa ba rajistar kwas muka je ba, binciken aure aka yi mana.

Kuma kusan kullum ƙarshen maganar ɗaya ce: a rage. Shi ya sa muka sa miki suna Malama A-Rage. Kin san sunan sarai. Na taɓa ganin kin ji wani ɗalibi ya faɗe shi a bayanki, kika gyara zaman tabarau kika wuce kamar ba da ke ake ba.

Ba ragewar ganin dama kike yi ba, kina da tsari, kuma har yau zan iya kawo shi ba tare da tuntuɓe ba. Kwas ɗin da mutum ya faɗi, shi ne na farko, ba a binne shi a ƙarƙashin sababbi. Ba a haɗa kwas biyu masu nauyi a zangon da za a yi aikin sanin makama a asibiti, domin wanda ya yini a tsaye kan marasa lafiya ba ilimin magunguna ne zai shiga kansa da yamma ba. Mai nauyi ɗaya, a raka shi da masu sauƙi. Kuma dole a bar yamma ɗaya a mako ba komai a cikinta, saboda ranar da yaro zai yi zazzaɓi ko mota ta lalace a hanya. Kinkan ce wanda ya saba aiki a gajiye tun yana ɗalibi, wata rana zai yi wa mutum allurar da ba tasa ba.

Na tuna Hussaini, ɗan Dawaki, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona da ƙanne. Duk kaka sai ya ɓace daga aji, ya dawo ya rame hannayensa duk kanta. An riga an yanke masa hukunci a bakin mutane cewa malalaci ne. Ke kika zaunar da shi kika tambaye shi yaushe ake yankan gero a wajensu, yaushe ake cirar gyaɗa, yaushe dawa ke nuna. Kika kwashe masa kwasa-kwasai masu nauyi kika kai su zangon rani, kika bar masa masu sauƙi a lokacin girbi. Ya gama, kuma ranar jana'izarki yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Nawa labarin ya fi nasa sarƙewa. Surukina, Malam Ishiyaku, malamin allo ne kuma limamin Juma'a a ƙauyenmu. Tun shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan yake wa'azi cewa ya kamata mace ta riƙa duba mace, domin ɗan ƙaramin asibitin da aka gina mana ma'aikaci ɗaya ne a cikinsa, namiji, kuma mata ba sa zuwa wurinsa awon ciki. A ɗaka suke haihuwa, wadda ta tsira ta tsira. Wata rana wani dattijo ya tare shi ya ce, "To Malam, 'yar wa za a tura ta koyo?" Malam bai yi wata-wata ba ya ce matar ɗansa. Haka na shiga makaranta ina amarya. Ya tsaya bayan sallar Juma'a ya gaya wa jama'a shekarar da zan gama. Ni kuma ya aiko min da saƙo ta bakin Ƙasimu cewa shekara huɗu aka ce, shekara huɗu ya bayar. In sun cika in dawo gida, da takarda ko babu. Duk wanda ya san Malam ya san ba ya magana biyu.

Shekara uku na yi ina tafiya daidai. A zangon ƙarshe na shekara ta uku mahaifiyata, Iya, ta kwanta rashin lafiya, na riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Kibiya, na faɗi kwas biyu, makina ya sauka ƙasa da mizani. Aka ba ni gargaɗi. Ke nan zangon da ke tafe shi ne zai raba gardama: in na sake faɗi, an kore ni. Ga shi kuma shekarar ƙarshe ce. Kwas bakwai ne na zangon, har da aikin asibiti, ga biyun da na faɗi, tara ke nan. In na ajiye ko ɗaya daga cikin manyan, sai wata shekarar za a sake koyar da shi, wato na ƙara shekara, wato na taka maganar Malam.

Akwai kuma abu na uku da ban sa a lissafi ba, ba don na manta ba, sai don ba shi faɗuwa. Ina ɗauke da cikin fari, bayan an daɗe ana jira. A wajenmu mace ba ta buɗe baki ta ambaci cikin fari, ko ga mahaifiyarta, balle ga malamarta. Kunya ce da muka tashi muka tarar, kuma ba na jin zan taɓa ganin aibinta. Sai dai a wannan karon ta kusa kai ni ƙasa, domin abin da ba ka iya faɗa, ba ka iya tsara karatunka a kansa. Na zauna na rubuta kwas tara kamar mai jiki ɗaya, na zura babban hijabi, na shiga layin ofishinki.

Kika karanta abin da na rubuta. Sai kika ce in miƙe in ɗauko miki wani littafi a saman kanta. Na je na dawo. Ashe ba littafin kike so ba, tafiyata kike kallo. Kika tashi da kanki kika tura ƙofa, kika dawo kika zauna.

"Kulu, baƙon da kuke jira a gidanku, yaushe zai sauka?"

Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

"To bari in faɗa. In na yi daidai ki yi shiru. Ƙarshen damina."

Na yi shiru.

Har muka gama maganar nan ba ki ambaci sunan abin ba ko sau ɗaya, kuma wannan karamcin ba zan manta da shi ba. Kika ce, "Ke tara kika rubuta, ni sha ɗaya nake gani. Na goma baƙon nan ne. Na sha ɗaya wankan jegon da Iyarki za ta yi miki har arba'in, kuma na san ba za ta yafe kwana ɗaya ba. Waɗannan biyun ba ni da ikon soke su. Don haka a cikin naki za a rage." Kika ja layi a kan huɗu, har da aikin asibitin. Kika bar min biyun da na faɗi, tun da na riga na san kansu, da uku marasa nauyi waɗanda zan iya karantawa ina zaune a ɗakin Iya.

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na gaya miki sharaɗin Malam, na ce, "Malama, kin gama da ni ke nan. In na ɗauki tara wataƙila in ci. In na ɗauki biyar babu wataƙila, gida zan koma." Kika ce in na ɗauki tara ba Malam ne zai mayar da ni gida ba, makaranta ce, kuma ita ba a zuwa zaurenta a roƙe ta. Sannan kika ce in ba ki kwatancen gidan Malam. Na fita ofishin nan raina a ɓace, na samu ƙawata Saude, 'yar cikin garin Rano da muke ɗaki ɗaya, na ce mata matar nan ba ta san su waye mutanen ƙauyenmu ba. Saude, wadda ita ma an rage mata kwas ɗaya a ranar, ta ce in bari in gani.

Ranar Asabar kika zo. Damina ta yi nisa, hanyar da ta tashi daga Kibiya zuwa wajenmu ta zama taɓo, mai babur ya sauke ki a bakin rafi ya ce iyakarsa ke nan. Matan da ke dawowa daga gona suka ga wata Hajiya mai tabarau ta tattare zane, takalmi a hannu, tana tsallake ruwa. Kafin ki iso gidan Malam labari ya riga ki. Kika shiga cikin gida kika gaisa da mata, kika wanke ƙafa, kika sha fura, sannan aka yi miki iso zaure.

Ba na wurin. Suruka ba ta zama gaban surukinta, balle a kan irin wannan maganar. Ƙasimu ne ya zauna daga bakin ƙofa, shi ya ba ni labari, daga baya kika cike min abin da ya tsallake. Kika yi wa Malam bayani dalla-dalla: dokar makaranta, gargaɗin da ke kaina, da kuma cewa akwai alherin da gidansa ke jira wanda zai kai ni gidanmu har arba'in. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ba ya jayayya da masu sani a kan saninsu, amma ya tsaya gaban jama'a ya sa shekara, kuma matan garin lissafi suke yi.

Ke 'yar malami ce, a tsakiyar alluna kika tashi. Sai kika tambaye shi: yaron da bai kawo karatun jiya ba, yakan yi masa ƙari? Malam ya ce a'a, ba za a wanke allon ba sai ya iya. Kika ce wanda ya tashi daga ciwo fa, layi nawa yake rubuta masa? Malam ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, na ga inda kika dosa, kuma kin yi gaskiya. Amma yarona in ya maimaita allo, babu wadda za ta haihu a ɗaka ba mai duba ta saboda shi. Shekarar da kike so a ƙara, akwai matan da za su yi naƙuda a cikinta."

Ƙasimu ya ce a nan har ya ɗauka an gama. Sai kika ce, "Malam, ni na ƙara shekarar nan, ni zan cike ta. Daga wata mai kamawa, duk bayan mako biyu zan zo ranar Asabar in yi wa matan garin nan awo. Wadda na ga da matsala zan faɗa tun da wuri a kai ta Rano. Ba zan daina ba sai ranar da Kulu ta karɓe ni."

Malam ba mutumin da ake ruɗa da alkawari ba ne. Ya ce ya ji an ce ke ce mai rage wa mutane kaya, to ke wa zai rage miki, ga makaranta, ga gida, ga wannan hanyar? Kika ce kina karatun digiri na biyu a ranakun Asabar, za ki ajiye shi. Kika faɗa kamar mai cewa za ta ajiye tsintsiya. Ni da na san yadda kika yi fafutuka kafin ki samu gurbin karatun nan, da Ƙasimu ya kawo nan sai na kasa haɗa ido da shi.

Juma'ar da ta biyo baya Malam ya miƙe bayan sallah ya ce wa jama'a, a baya ya sa shekara bai tambayi masu abin ba, yanzu ya tambaya, an ƙara ɗaya. Ya ce kowa ya bar matarsa ta je awo ranar Asabar, kuma matan gidansa ne za su fara zuwa. Ba a taɓa jin Malam ya gyara maganarsa a bainar jama'a ba sai ranar.

Kin cika alkawari, Malama, kuma duk ƙauyenmu shaida ne. Da damina da rani, da azumi a bakinki, kina zuwa da jakarki da abin awon jini. Da farko mata biyar ne suka zo, suna noƙewa. Kafin shekara ta zagayo sai an shimfiɗa tabarmi a waje. Kuma ba hannu biyu kike zuwa ba: Saude takan kwafe min duk abin da aka koyar, ke kuma ki kawo min har gida.

Ƙarshen damina, kamar yadda kika ce, na sauka lafiya, mace. Ranar suna Malam da kansa ya raɗa mata Barakatu, ba wanda ya ba shi shawara. Na koma gidanmu wanka, a nan kuma kika haɗu da Iya, wadda ta riga ta samu sauƙi. Ita Iya a kan wankan jego ba ta da sassauci: ruwa sai yana tafasa, kunun kanwa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Ba ki ce mata al'adar banza ba ce, ba ki ce a daina ba. Kika zauna kusa da murhu kika taya ta iza wuta, kika yaba ganyen da take sawa, sannan a hankali kika ce a ɗan sirka ruwan, kanwar nan kuma tana wahalar da zuciyar mai jego, a rage ta sosai. Bayan kin tafi Iya ta dube ni ta ce, "Ke wannan baiwar Allah, komai ta gani sai ta ce a rage?" Na yi dariya har cikina ya yi ciwo. Amma ta rage ɗin, kuma duk Asabar ɗin da za ki zo sai ta dama miki fura ta musamman.

A ɗakin Iya na karanta ilimin magunguna, jaririya a cinya. Na yi arba'in, na koma Kano da goyo saura 'yan makonni jarrabawa. Na ci biyar ɗin nan duka, makina ya haura, aka ɗauke min gargaɗi. Da tara na ɗauka, ko aikin asibitin kaɗai ya isa ya kayar da ni, domin a daidai kwanakin da ake yin sa nake kwance.

Ba zan ce abin bai yi ciwo ba. Ranar da 'yan ajinmu suka yi bikin kammalawa ina ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka mai isata. Kin san haka, domin da yamma kin aiko Saude da abinci, ba ki aiko da wa'azi ba. Shekarar da ta biyo baya na ɗauki huɗun da suka rage a natse, na yi aikin asibiti da ƙarfina, na gama da sakamakon da ban taɓa samun irinsa ba. Asabar ɗin da na karɓe ki a ɗakin awo na ƙauyenmu, kin zauna a gefe kina kallona ina duba mata, ba ki sa min baki ba har na gama. Da za ki tafi kika ce, "To, na sauka." Kika koma karatunki, kika gama shi a makare. Kinkan zolaye ni ki ce ni da ke duk 'yan makara ne, amma dai mun iso.

Na yi shekaru a ƙauyenmu, har ƙanwar Ƙasimu ta gama nata karatun ungozoma ta karɓe ni, aka mayar da ni Rano, inda na tarar da Saude. A nan aka kawo ki a farkon wannan watan, jiki ya yi nauyi, aka kwantar da ke a ɗakin mata inda nake aiki.

Aikin safe nake da shi a makon. Amma tun da aka kawo ki ban iya tafiya gida a kan lokaci ba. In na gama nawa sai in zarce da na yamma, ba wanda ya sa ni. Ranar Laraba da azahar, lokacin miƙa aiki ya yi, na duba ki na ga abin da duk ma'aikaciyar jinya ta san shi in ta gan shi. Na je na gaya wa shugabarmu cewa yau ma zan zarce. Ashe kina ji. Da na dawo gyara miki ƙarin ruwa sai kika buɗe ido.

"Kulu, hannunki rawa yake yi."

Na ce ba komai, Malama.

"Ba ni kaɗai ce a ɗakin nan ba. Waccan ta bakin taga allura take jira, kuma ba da wannan hannun ba. Wa zai karɓe ki?"

Na ce Saude.

"Ni na koyar da ita. Miƙa ni, ki tafi gida ki kwanta."

Na so in yi gardama, bakina ya saba. Amma na riga na san yadda gardama da ke take ƙarewa. Na kira Saude muka tsaya a gefen gadonki, na miƙa ki yadda kika koya mana: suna, ciwo, awon jini, ruwan da ya shiga, maganin da aka bayar da wanda ya rage. Idonki a rufe, amma da na kai ƙarshe kika ce ban faɗi fitsarin da aka auna ba. Na faɗa. Kika ce, "Yanzu ya cika." Na miƙa sauran matan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki jakata, na tsaya a bakin ƙofa na waiwayo. Kika ɗaga yatsu biyu daga kan bargo kika yi min alamar in wuce.

Na isa gida na yi sallah na kwanta. Bayan la'asar waya ta tashe ni. Saude ce. Ta ce tana riƙe da hannunki, 'yarki Nana Khadija na ɗaya gefen, ta laƙƙana miki kalmar shahada kika amsa da bakinki, sannan kika cika.

Mutane sun tambaye ni ko ina jin ciwon rashin kasancewa a wurin. Ina ji, kuma zan daɗe ina ji. Amma ba na nadama ko kaɗan. Kin ɗauki shekaru kina koya mana cewa mai jinya ta san iyakar abin da za ta iya ɗauka, ta kuma yarda cewa akwai wata bayanta. Ba a ranar ƙarshe zan nuna miki ban koya ba. Na bar ki a hannun da ya huta, na wadda kika koyar da kanki, kuma matar bakin taga ta samu allurarta daidai. An sallame ta ranar Asabar, ta tafi gida da ƙafarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, Alhaji Datti, wanda ya yi haƙurin Asabar ɗin da muka ƙwace masa ba tare da ya taɓa nuna mana a fuska ba. Ina yi wa 'ya'yanta, Mujahid da Nana Khadija, da jikokinta, da dukkan dangi na Rurum ta'aziyya. Malam Ishiyaku, da tsufa ya hana shi zuwa, ya ce in isar cewa an yi mata saukar Alƙur'ani a makarantarsa. Matan ƙauyenmu sun ce in gaya muku rashin nan nasu ne. Haka nan ina yi wa 'yan'uwana ɗalibanta, duk inda aiki ya kai su, ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, baiwarKa Barakatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Duk macen da ta sauka lafiya a hannunmu, duk mara lafiyar da muka duba da natsuwa, Ka kai ladan gare ta. Ka albarkaci zuriyar da ta bari, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.